Ba a Ofis Nake Aiki Ba

Ranar Asabar ce da hantsi, ranar da ƙungiya ke karɓar sabbin 'yan sa-kai. 'Yar Magini na tsaye a kan tulin yashi, hular kwano a saman mayafinta, tana duban mutanen da suka yi layi a gabanta. Akwai ɗalibai, akwai wani direba mai ƙaton ciki, akwai wata malamar makaranta da ta yi ritaya amma ta ƙi zama a gida. Can ƙarshen layi idonta ya sauka a kan takalmi fari fat.

Ta ɗaga kai a hankali daga takalmin zuwa mai shi. Dogo ne, da tabarau, yana murmushi kamar wanda aka gayyato walima.

"Mai farin takalmi," ta ce, "biki aka ce maka ana yi a nan?"

"An ce min aikin alheri ne," ya ce. "Na ga ya kamata a zo masa da tsabta."

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Mece ce sana'arka?"

"Likitan ido ne."

"Madalla. Yau za mu ga ko naka na gani."

Ƙungiyar tana gina wa waɗanda ruwan sama ya rushe wa muhalli ɗaki biyu da banɗaki ne kyauta, kuma duk wanda zai taɓa bulo da sunan ƙungiyar sai ya bi ta hannun 'Yar Magini. Tun tana ƙarama take bin mahaifinta wuraren gini tana miƙa masa cokalin gini, har laƙabin ya danne sunanta na yanka. Da ta girma ta je makarantar fasaha ta karanto abin da hannunta ya riga ya sani. Ba ta da tsawo, ba ta da babbar murya, amma in ta yi magana a wurin aiki har injin kwaɓi sai an kashe.

"Ku saurara," ta ce musu. "Nan ba wurin ɗaukar hoto ba ne. Gidan nan na Iya mai wanki ne, ga ta can zaune a ƙarƙashin rumfa. Ita da jikokinta huɗu za su kwanta a ƙarƙashin abin da hannunku ya yi. Wanda ya gaji ya zauna, babu laifi. Wanda bai gane ba ya tambaya. Wanda ya yi kuskure ya rufe shi da kwaɓi don kada in gani, shi ne ba za mu shirya ba."

Ta nuna musu yadda ake auna yashi da siminti, yadda ake ɗaga bulo da ƙarfin gwiwa ba da baya ba, yadda ake ɗaure igiya daga kusurwa zuwa kusurwa a bi ta. Sannan ta ba kowa bulo biyar ya jera a filin gwaji.

Da ta zo kan na Likita ta ɗora ma'auni, ta dube shi, ta sa ƙafa ta ture su duka.

"Sake."

Ya sake. Ta ture. Ya sake na uku, gumi na ɗiga daga haɓarsa, takalmin nan ya koma launin toka. Ta jira ya ɓata rai kamar yadda masu irin tufafinsa ke yi, su tuna suna da wani uzuri a gida. Bai ɓata ba. Ya goge tabarau da gefen riga ya ce, "Nuna min inda nake kuskurewa, Malama."

Nan ne ta fara kallonsa da kyau.

Da yamma, tana wanke hannu a gida, wayarta ta yi ƙara. Lambarta na jikin takardar da ake raba wa 'yan sa-kai.

"Malama, barka da hutawa. Ɗalibinki ne. Ina sanar da ke takalmin ya riga mu gidan gaskiya. Tambayata ita ce, me ya sa bulona ke karkata hagu?"

Ta rubuta: "Saboda idonka ba ya kan igiya."

"Gaskiya ne. Wani wuri yake. Ba zan yi musu ba."

Ta kife wayar a kan katifa, ta ga bakinta ya ƙi rufuwa.

Asabar ta biyu ya dawo. Ta uku ma. Rabin waɗanda suka fara tare da shi sun zame, shi kuwa har ya fara zuwa ranar Laraba da la'asar in ya tashi daga asibiti. Bangon Iya ya tashi daga harsashi ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Wata rana ya ga tana murza ido saboda ƙurar siminti, washegari ya zo da kwali cike da tabaran kariya ya raba wa kowa, har Iya da ke zaune nesa da aikin.

"Me ya sa har da kowa?" ta tambaye shi.

"Da ke kaɗai na kawo wa, da kin ce ba kya buƙata."

Ta san gaskiya ya faɗa. Ta sa tabarau.

A bakin tankin ruwa ya faɗa mata, suna wanke cokula bayan an tashi aiki. Bai yi dogon sharhi ba.

"Ina sonki, Maginiyata. Aure nake nufi, ba wasa ba."

Ta ci gaba da kankare busasshen kwaɓi daga cokalin da ke hannunta.

"Bari in faɗa maka tun yanzu, Likita. Aikin nan ba jiran miji nake yi da shi ba. Ba zan bar shi ba."

"Na ce ki bari?"

"Ba ka ce ba. Ina so ka ji ne da kunnenka."

"Na ji. A kan tsani na gan ki, a kan tsani nake sonki."

"Bakinka ya fi hannunka iya aiki," ta ce, ta watsa masa ruwan da ke tafinta. Amsar ke nan, shi ma ya gane.

Baba, mahaifinta, shi ne ya fara cewa a'a. Tun da ya faɗo daga saman wani bene shekara shida da suka wuce, ƙafarsa ta hagu ba ta ƙara ɗaukarsa zuwa wurin aiki ba. Kullum yana kan kujerarsa a ƙofar ɗaki, sandarsa jingine da bango. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya girgiza kai.

"Na san irinsu, 'yar nan. Wahalar da muke ci da ita, su nishaɗin ƙarshen mako ce a wurinsu. Yau yana sha'awar ki da ƙura a fuska. Ranar da zai shiga da ke cikin danginsa, ƙurar nan ce za ta fara ba shi kunya."

"Ba haka yake ba, Baba."

"Ga Ɗan Kwangila nan, sau biyu yana aiko min. A hannuna ya koyi aiki. Ya san mu, mun san shi, ba zai taɓa raina gidan da kika fito ba."

Ɗan Kwangila mutum ne mai masana'antar bulo da motoci biyu, mai yawan turare, wanda ke kiranta "ƙanwata" da irin muryar da ba ta 'yan'uwa ba. Ta durƙusa kusa da kujerar.

"Baba, a kan gini ban taɓa musa maka ba, ko da rana ɗaya. Amma shi ba na sonsa. Ba zan ce maka zan yi tunani ba, don na riga na yi."

Baba ya dube ta ya daɗe. "Taurin kan nan ban san inda kika samo shi ba."

"Ni na sani," in ji Inna daga cikin ɗaki.

Bayan sati biyu Likita ya kai ta ta gaida mahaifiyarsa. Ta sa atamfarta mai kyau, ta shafa mai a hannu har sau uku. Falon na da sanyi, kujeru masu laushi, labule har ƙasa. Mama mace ce mai kwarjini, mai magana a nitse, ta karɓe ta da fara'a ta zaunar da ita kusa da ita.

"Ya ba ni labarinki sosai," Mama ta ce. "Ya ce a ofishin ƙungiyar kike, wajen takardu. Aiki mai kyau ga 'ya mace. Ina ta ce masa dai ya rage shiga cikin leburorin nan, kullum ya dawo min kamar an tono shi."

'Yar Magini ta juya ta dubi Likita. Idonsa na kan dardumar da ke ƙasa.

Da ta yi shiru ta yi murmushi, da an wuce wurin lafiya, ta sani. Ta ajiye kofin da ke hannunta.

"A'a Mama, ba a ofis nake aiki ba. Maginiya ce ni. Ina kwaɓa siminti, ina jera bulo, ina hawa tsani. Waɗanda kika kira leburori ni nake koya musu aiki, har da shi. Mahaifina ma magini ne."

Mama ta dubi ɗanta, ta dubi hannun yarinyar, wanda mai bai iya ɓoye kantarsa ba.

"To," ta ce a hankali. "In Allah Ya sa an yi, ai sai a bari."

"Ki yi haƙuri Mama, ba zan bari ba."

"Matar ɗana a saman tsani, maza na ƙasa suna kallo?"

"Suna miƙo min bulo ne, Mama."

Ta durƙusa ta yi sallama yadda ya kamata, ta fita. Ya biyo ta da sauri har bakin ƙofar gida.

"Tsaya ki ji. So nake ta san ki tukuna, ta so ki, sannan in faɗa mata a hankali."

"Ta so wa? Wadda ka ƙirƙiro mai zama a ofis? Je ka auro ta, ga dukkan alamu za su shirya da Mama."

"Maginiyata..."

"Kada ka kira ni da shi a nan. A ciki ya kamata ka faɗe shi."

Ba ta yi kuka a mota ba. Sai da ta shiga gida ta ga Baba a kan kujerarsa ya ɗago ya dube ta, bai tambaye ta komai ba, sannan hawayen suka zo. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne maganar Baba ta fito daidai.

Saƙonni suka yi ta shigowa.

"Na yi kuskure babba. Ba ni da hujja. Ki ba ni dama in gyara."

"Na san kina gani. Ko zagi ne ki turo, zan karɓa."

A kwana na uku ta amsa sau ɗaya: "Mama ka yi wa ƙarya, ni kuma ka ɓoye ni. Ban san wanne ya fi ba. Kada ka zo ranar Asabar saboda ni."

Ranar Asabar ta same shi a wurin, ya riga kowa, yana tace yashi.

"Na ce kada ka zo."

"Kin ce kada in zo saboda ke. Bangon Iya na zo wa. Ni na fara kusurwar can, ba zan bar wa wani ba."

Ta wuce shi. Ranar duk umarnin da za ta ba shi ta bakin Direba ta aika.

A wannan makon ne bulon ƙungiya ya ƙare, saura ɗaki guda ba a tayar ba. Shugaban ƙungiya ya riga ya sa ranar miƙa gida nan da sati biyu, ya gayyaci baƙi. Sai ga Ɗan Kwangila da mota shaƙe da bulo, ya ce gudummawarsa ce. Shugaba ya zo da kansa ya tarbe shi, ana ta godiya, 'yan sa-kai suka sauke kusan rabi.

'Yar Magini ta ɗauki guda ta ji bai kai nauyin da ta sani ba. Ta murza gefensa da babban yatsa, yashi ya zubo. Ta ɗaga shi daidai ƙugunta ta sake shi. Ya tarwatse. Ta ɗauki na biyu daga wani gefen, ta saki. Na uku ma haka.

"A tsaya da saukewa," ta ce. "Wannan ba zai hau bangon nan ba."

Shugaba ya matso yana magana ƙasa-ƙasa. "Haba Malama, kyauta aka ba mu. In aka yi filasta wa zai sani? Baƙi na zuwa, ranar ba ta ɗaguwa."

"Damina za ta sani, ranka ya daɗe. Bango ne ya faɗo wa matar nan bara. Ba zan gina mata wani da zai faɗo ba, da hannuna."

"Ba ke ce ƙungiya ba. In ba za ki yi ba, akwai masu yi."

"To a kawo su. Amma zan tsaya a nan in gaya wa duk baƙon da ya zo abin da ke ƙarƙashin filastar."

Ɗan Kwangila ya yi dariya yana kaɗa makullin mota. "Ƙanwata, bulon nan shi nake sayar wa gari duka. Bakin nan naki, in kin shigo gidana za mu gyara shi."

"Ka fara gyara kwaɓinka," ta ce. "Buhu ɗaya kake shimfiɗa wa yashin buhu uku. Ba haka Baba ya koya maka ba."

'Yan sa-kai na tsaye cirko-cirko, wasu da bulo a hannu, ba su san inda za su ajiye ba. Ita kuwa ba ta matsa ba.

Likita ne ya fara motsi. Ya sunkuya ya ɗauki bulo daga tulin da aka sauke, ya taka har bakin motar, ya mayar da shi ciki a hankali don kada ya fashe. Ya dawo ya ɗauki wani. Malama mai ritaya ta gyara ɗaurin zanenta ta bi bayansa. Direba ya ce, "Ni dama tun ɗazu nake jin kamar biskit nake ɗauka," shi ma ya sunkuya. Kafin rabin sa'a babu bulo ɗaya a ƙasa sai fasassun nan uku.

Shugaba ya ce za a zauna a kan maganarta. Malama mai ritaya ta ce a zauna, amma a sani in aka cire ta, a nemi wasu 'yan sa-kan. Ba a sake tayar da zancen ba, ranar miƙa gida kuma ta ɗagu.

Da yamma ta je wa Baba da gutsuren bulon a leda, ta roƙi aron tsohon abin buga bulonsa na hannu da ke ajiye a bayan ɗaki. Baba ya karɓi gutsuren ya matse a tafinsa, ya buɗe hannu, gari ya zube a kan rigarsa. Ya daɗe yana kallonsa.

"Shi ya kawo wannan? Don gidan tsohuwa da jikokinta?"

"Shi ne, Baba."

"Gobe ki samo min mota. Ba a buga bulo da abin nan ba ni a wurin."

Haka aka yi. Kowa ya kawo buhun simintin da ya iya. Aka ajiye wa Baba kujera a inuwa, yana nuni da sanda yana faɗa, muryarsa ta dawo irin ta da. Likita ya ɗauki hutun sati biyu daga asibiti. Shi ke cika abin bugun, ya daddanna, ya kife, ya ɗaga, tun safe har rana ta yi sanyi, kuma shi ke zuwa da sassafe ya shayar da bulon ruwa don ya yi ƙarfi. Tafinsa ya yi bororo, ya fashe, ya naɗe da bandeji ya ci gaba. Baba bai raga masa ba ko kaɗan.

"Kai mai tabarau, danna da kyau. Ba ido kake dubawa ba."

"To Baba."

Ita dai tana kallo ta gefen ido, ba ta ce masa uffan ba.

A kwana na tara wata mota mai kyau ta tsaya a bakin fili. 'Yar Magini na saman tsani tana ɗaure igiya ta ga Mama ta fito, tana ɗage gefen mayafinta daga ƙura. Likita ya tafi ɗebo ruwa da Direba. Ta sauko, ta ɗauki hular kwano guda, ta tare ta a bakin shiga. Ta gaishe ta har ƙasa, sannan ta miƙa mata hular.

"Ki yi haƙuri Mama, ba a shiga sai da ita."

"Ni ma?"

"Kowa, Mama."

Mama ta dube ta kamar za ta juya. Sai ta karɓa ta ɗora a kan ɗaurinta, ta zauna a karkace.

"Zuwa na yi in ce ki sakar min ɗa," ta ce ba tare da kwana-kwana ba. "Ranar da kika tafi ya zauna a gabana ya ce shi ya yi ƙarya, ke ba ki san da ita ba. Ya ce in ba ke ba, ya haƙura da aure. Tunda na haife shi bai taɓa yi min magana ido cikin ido haka ba."

"Ban riƙe shi ba, Mama. Kwana goma sha shida ke nan ban yi masa magana ba."

"Shi ne ai riƙon."

Kafin ta sami amsa sai ga Iya mai wanki ta taso daga rumfarta, ta ɗauka baƙuwar daga cikin manyan ƙungiya ce. Ta kama hannun Mama ta ja ta cikin ginin, tana nuna mata inda gadon yara zai zauna, inda za ta sa akwatinta, tagar da ta roƙa a yi mata ta fuskanci igiyar shanya. Ta nuna mata tabon da ke ƙafar ƙaramar jikarta, inda tsohon bango ya danne ta. Ta ce, "Da yarinyar nan ta yi shiru rannan, da yanzu ina cikin gida, ina ta godiya, ban san abin da ke kaina ba."

Mama ta daɗe a ciki. Da ta fito ta tsaya ta dafa bangon da tafinta, kamar mai jin zafin jikin yaro. Daidai nan Likita ya shigo da jarkoki biyu, ya gan ta da hular kwano, ya tsaya cak.

"Rufe bakinka," Mama ta ce masa. Ta juya ga 'Yar Magini. "Ba zan ce miki ina son aikin nan ba. Har gobe in na gan ki a saman can gabana zai faɗi. Amma a falona, da kin yi shiru da kin samu abin da kike so, ba ki yi ba. Wanda na haifa ne ya yi shiru." Ta cire hular ta miƙa mata. "Ina mahaifin naki? An ce yana nan."

Aka kai ta wurin Baba. Su biyun suka gaisa da irin ladabin mutanen da kowanne ke auna ɗan'uwansa, aka kawo mata kujera.

'Yar Magini ta zagaya bayan ginin inda sabon bulo ke jere yana shan iska. Ta san zai biyo ta.

"Ba kunyarki na ji ba," ya ce. "Na yi ta tambayar kaina. Tsoron ɓacin ran Mama na ji, na zaɓi hanya mai sauƙi, na bar ki ke kaɗai a ciki. Ki yafe min."

"Tsoronta ya fi maka tsoron rasa ni."

"A ranar, e. Ba zan ƙara miki wata ƙaryar ba."

"Gobe in abokan aikinka suka tambaye ka me matarka ke yi fa?"

"Sun riga sun sani. Har sun gaji da ji. Biyu daga cikinsu na son zuwa ranar Asabar, na ce su shirya shan faɗa."

Ta yi ƙoƙarin riƙe fuskarta, ta kasa. Ta dubi bandejin hannunsa da ya yi baƙi.

"Likita guda, ko naɗin ciwo bai iya ba. Je ka wanke, akwai sabo a akwatin magani."

"In na wanke zan iya kiranki da sunan nan?"

"Ka kira a gabansu."

Ya juya ya ɗaga murya yadda har rumfa za a ji. "Maginiyata ta ce a kawo akwatin magani."

Direba ya fashe da dariya. Mama ta rufe fuska da mayafi. Baba ya buga sandarsa a ƙasa ya ce a koma bakin aiki, ba hira aka zo ba.

A mota, a hanyar gida, Baba ya bari har suka kusa isa. Sannan ya ce, yana kallon waje, "Bulonsa na jiya babu na yarwa. Ki ce masa ya turo manyansa."

Iya ta shiga gidanta wata guda bayan ranar da aka fara sawa. Baƙin ba su kai waɗanda aka gayyata da farko yawa ba, Shugaba ya yi jawabi ya yabi ingancin aikin kamar shi ya ce a yi haka, ba wanda ya tanka masa. Ruwan farko na daminar ya sauka bayan kwana huɗu. Da ya ɗauke, saƙo ya shigo wayarta.

"Na biya ta gidan Iya. Ko ɗigo. Yaran na tsalle a kan gado. Saura kwana goma sha biyu a ɗaura aure, Maginiyata, kuma kowace rana ta fi buhun siminti nauyi."

Ta amsa: "Ɗaga da gwiwa, ɗalibina, ba da baya ba. Ni ma na ƙosa."

Ranar ɗaurin aure gidan Baba ya cika har waje. 'Yan sa-kai suka zo cikin kwalliya, har sai da ta yi wa wasu kallo biyu kafin ta gane su babu ƙura. Iya ta kwana biyu tana wanke wa amarya kaya tana gogewa, ta ce duk wanda ya taɓa mata dutsen guga sai sun ɓata. Mama ta zauna kusa da Inna suna ta ƙus-ƙus kamar sun shekara da sanin juna.

Da la'asar, kafin a tafi da amarya, Baba ya sa aka kira su biyun ɗakinsa. Suka durƙusa a gabansa. Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan lallausan mayafinta.

"Na so in hana," Baba ya ce wa ango. "Ka sani, ba sai na ɓoye maka ba. Yarinyar nan tana da kafiya, tana da baki, in ta ga abu ba daidai ba ba ta iya kauda kai. Za ka sha fama. Na ba ka ita yadda take. Kada ka rage mata komai."

"Ba zan rage ba, Baba."

"Ke kuma, mutum ne a yi masa faɗa ya karɓa, ya yi laifi ya dawo ya tsaya. Ki riƙe shi da kyau."

"To Baba," ta ce.

Ya ɗora hannu ɗaya a kanta, ɗaya a kafaɗarsa.

"Allah Ya yi muku albarka. Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku zuri'a mai jin ƙan mutane. Yadda kuka rufa wa wasu asiri, Allah Ya rufa naku duniya da lahira."

Daga bakin ƙofa, inda Inna da Mama ke tsaye suna leƙe, aka amsa da amin. Baba ya janye hannunsa ya goge ido da hannun riga, ya ce ƙura ce.

"Ku tashi ku je," ya ce. "Mutane na jira."